Ƙarfen ɗaukar mashin da na sa wa motar kwana

Tun da na sayi motar nan mai ɗaki da gado a nan Ingila nake ta fama da shiga gari da ita, ga girma ga wahalar fakin, shi ne na sayo ƙarfen nan da ake ɗaurawa a bayanta a ɗora mashin. Gaskiya ƙarfen yana da ƙwari, ya zo da gadar tura mashin da fitilunsa da wajen sa lamba, don mashin ɗin yana rufe na motar. Igiyoyin da suka haɗo da shi dai shirme ne, na canza su da masu ƙugiya guda 4.

Amma fa ɗan'uwa in sabon shiga ne kai, kar ka biye wa mai shago a kan maganar nauyi. Ni ƙaramin mashin mai injin 125cc na ɗora, kilo ɗari da 'yan kai, ga nauyin ƙarfen shi kansa, kuma da yake can bayan taya yake rataye sai nauyin da ke kan tayoyin baya ya fi haka yawa, gaba kuma ya yi sakayau, sitiyari har wani rawa yake in iska ta kaɗa. Na je sikelin manyan motoci da tankin ruwa cike, saura kaɗan in haura kilo 3,500 da lasisina ya yarda. Yanzu sai na zubar da rabin ruwan kafin in kama hanya.