Na biya kuɗin shago a sabon ofishin haraji na kasuwarmu

Robobi da kwanuka da tukwane nake sayarwa a kasuwar garinmu. Ƙaramin gari ne, amma shi ne hedikwatar ƙaramar hukuma, kasuwarsa kuma tana ci sau ɗaya a mako, sauran ranaku mu masu shaguna ne kawai da 'yan tebur. Bana aka sauya mana yadda ake biyan kuɗin shago da na rumfa. An daina bi layi-layi da littafin rasit da jakar kuɗi, an ware ɗaki guda a bakin babbar ƙofar kasuwa, an sa na'urar POS da kwamfuta, aka ce kowa ya je can ya biya. Na je na biya nawa, na kuma raka wasu maƙwabtana da suke ɗari-ɗari da abin. Ra'ayina a taƙaice shi ne, wajen karɓar kuɗi sun yi gyara na gaske, kuma na yaba. Wajen nuna mana inda kuɗin yake tafiya kuwa, ko farawa ba su yi ba.

Duk wanda ya daɗe a kasuwa ya san yadda abin yake a da. Mutum biyu ko uku za su tsaya maka a ƙofar shago, ɗaya riƙe da littafi, ɗaya da jaka, wani lokaci har da kwaɗo a hannu don ka san za a iya rufe maka wuri. Za a faɗi kuɗi, ka ce ya yi yawa, a yi ciniki kamar ana sayen akuya. In kun daidaita, sai a tambaye ka, da rasit ko babu? In babu rasit an rage maka, kai da su kun san aljihun da kuɗin zai kwana. In ka nace sai da rasit, a yago maka wata takarda da ba sunanka, ba lambar shago, hatimin ma ya dusashe. Bayan 'yan watanni wasu su zo da wani littafin daban su ce wancan na jabu ne. Akwai shekarar da layinmu gaba ɗaya muka biya sau biyu, ba wanda muka iya kai wa ƙara, domin takardar da ke hannunmu ba ta nuna komai.

Sabon ofishin ɗaki ne ɗaya mai taga, da benci a waje ƙarƙashin rumfar kwano. Abin da ya fara burge ni shi ne takardar da aka manna a bango: shagon bulo kaza, rumfar kwano kaza, rumfar zana kaza, an rubuta da Hausar boko. Tun da nake a kasuwar nan ban taɓa ganin an rubuta farashin haraji a inda mai biya zai karanta ba. Ko wannan kaɗai ya kashe cinikin da ake yi a ƙofar shago.

Wata yarinya ce ke zaune a gaban kwamfutar, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba. Ta gaishe ni, ta ce, "Baba, wane layi ne, kuma lamba nawa?" Na faɗa mata. Ta duba, ta juyo da fuskar kwamfutar ta nuna mini sunana, ta ce, "Kai ne wannan ko? Duba da kyau, Baba, in da kuskure mu gyara yanzu." An rubuta sunan mahaifina ba daidai ba, nan take ta gyara. Na miƙa kati, ta sa a na'ura, na danna lambobina, saƙon banki ya shigo wayata, kuma sunan asusun da ya karɓi kuɗin na ƙaramar hukuma ne, ba na wani mutum ba. Na'urar ta fitar da rasit mai sunana da lambar shago da kwanan wata da shekarar da na biya wa. Na ce, "'Yata, babu na goro?" don in ji abin da za ta ce. Ta ce, "A'a Baba, abin da ke bango shi ne kawai." Allah Ya yi mata albarka. Ban daɗe ba na koma shago.

Sai dai ba kowa ne ya samu sauƙin da na samu ba. Ranar da na raka maƙwabcina mai sayar da tabarmi, sabis ya ɗauke. Mutane suka cika benci har suka zauna a ƙasa, wasu suka gaji suka tafi. Da aka gwada katinsa, banki ya cire kuɗin amma rasit bai fito ba. Yarinyar ta rubuta sunansa da lambar wayarsa a wani littafi ta ce ya dawo, kuma da ya koma an ba shi rasit ɗinsa ba tare da ya sake biya ba, wannan gaskiya ce. Amma mutumin ya kwana cikin zullumi. Ofishin ba shi da sola, in wuta ta ɗauke kwamfutar ta mutu, sai a jira. Ƙaramar hukumar da ta iya sayen kwamfuta ba za ta kasa sayen faranti ɗaya na sola da batir ba.

Abin da ya fi damuna shi ne tsofaffin matan da ke sayar da daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya. Yawancinsu ba su da asusun banki, ofishin kuma ba ya karɓar tsabar kuɗi. Sai su kai kuɗinsu wurin masu POS na waje, su tura musu, su cire ladansu. Ke nan wadda ta fi kowa ƙaramin jari ita ce ke biyan fiye da abin da aka rubuta a bango. Na ga wata tsohuwa tana kwance bakin zani tana ƙirga canji don ta cika kuɗin mai POS, raina ya sosu. Da ofishin ya ajiye wakilin banki a ciki wanda zai karɓi tsabar kuɗi ba tare da ƙari ba, da an huta.

Kuma kada wani ya ɗauka duk kuɗin kasuwa ne suka koma na'ura. Mu masu shago da rumfa ne kawai. Tikitin kullum na 'yan tebur da 'yan baro har yanzu takarda ce ake yagewa. Kara, wato kasuwar dabbobi, ma haka, tasha ma haka. Alhali duk ɗan garin nan ya san ranar kasuwa a kara ake kuɗi: kowace saniya da aka sayar akwai abin da ake yanka mata, kowane rago da akuya haka, kowace motar da ta yi lodin dabbobi ko hatsi zuwa Kudu sai ta biya. Mu sau ɗaya muke biya a shekara, can kuwa kowane mako ne. An fara gyara daga inda kuɗin ba su da yawa, an bar inda suke da yawa a hannun mai jaka. Har igiyar da ake gittawa a hanyar shigowa gari ranar kasuwa tana nan, duk da cewa dokar da aka yi a 1998, zamanin Janar Abdulsalami, wadda ta jera harajin da kowane matakin gwamnati zai karɓa, ta hana tare hanya don karɓar haraji.

To, me muke samu a madadin abin da muka biya? Tsarin mulkin 1999 bai bar wannan a duhu ba. A jadawali na huɗu ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma: kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da banɗakunan jama'a, kwashe shara, gina magudanan ruwa da fitilun titi, har da ba wa keke da amalanke da baro lasisi. Wajen lasisin baro ba a taɓa yin sakaci ba. Amma lambatun da ya ratsa bayan layinmu ya toshe da leda, da damina ruwa har cikin shago yake shigo mana, mu muke haɗa kuɗi mu ɗauko yara su yashe. Bolar da ke kusa da 'yan kayan miya ta fi tsayin mutum. Banɗakin kasuwa an ba wani ɗan kwangila, kuɗi yake karɓa a ƙofa, ruwa kuwa sai ka saya wurin 'yan garuwa. Mayanka ba ta da famfo, mahauta da jarka suke wanke nama. Masu gadin dare ma ƙungiyarmu ce ke biyansu.

Da sarkin kasuwa ya tara mu aka gayyato jami'in da ke kula da kuɗin shiga, na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, mun biya, kuma mun ga kuɗin sun shiga asusu. Nawa aka tara, kuma me aka yi da su?" Bai yi fushi ba, kuma na yaba masa da hakan. Ya ce abin da ake tarawa a cikin gida bai taka kara ya karya ba, ƙaramar hukuma da kason Abuja take rayuwa, shi kuma kason kafin ya iso an cire albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya da 'yan fansho da kason masarauta, abin da ya rage ba ya isar komai.

Akwai gaskiya a maganarsa. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kashi 20.6 cikin ɗari suke rabawa daga asusun tarayya, jihohi 26.72, gwamnatin tarayya 52.68. Kuma sashe na 162 na tsarin mulki ne ya kafa asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, inda kuɗin ke fara sauka, shekara da shekaru ciyamomi suna jiran abin da za a sakar musu. Wannan ne ya sa ministan shari'a Lateef Fagbemi ya kai gwamnonin jihohi 36 Kotun Ƙoli, ranar 11 ga Yulin 2024 kotun ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai-tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. An yi ta jan ƙafa wajen aiwatar da hukuncin, kowa ya ji a rediyo.

Amma tambayata ba a kan kuɗin Abuja take ba. Kuɗin shagona bai bi ta Abuja ba, bai bi ta asusun haɗin gwiwa ba. Daga katina ya fita, ya faɗa asusun ƙaramar hukuma, saƙon yana nan a wayata. A da in ka tambaya sai a ce masu yankan rasit ne suka cinye, ba a san adadin ba. Yanzu wannan uzurin ya ƙare, domin kwamfutar da ta san sunan mahaifina ta san jimillar abin da kasuwa ta biya. Kason Abuja ma ba sirri ba ne, ofishin babban akanta na tarayya da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suna wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu wata-wata. Ɗana ya buɗe mini a waya na gani da idona, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 adadin ya ƙaru sosai. Ina iya sanin abin da aka ware wa garinmu daga Abuja, amma ba na iya sanin abin da aka tara a ƙofar kasuwar da nake wuni a cikinta. Wannan bai dace ba.

Ya kamata hukuma ta gane cewa mutanenmu ba su manta da tarihin haraji ba. Mahaifina ya sha ba mu labarin zamanin En'e, wato mulkin hukumar gargajiya, yadda dagaci da dogarai ke bin gida-gida, yadda magidanci ke sayar da hatsin da zai ci ko ya tafi cirani don ya biya, yadda Fulani ke kora shanu daji da dare saboda jangali. Shi ya sa har yau dattawa ke yi wa Abubakar Rimi da Balarabe Musa addu'a, saboda soke haraji da jangali da suka yi a Kano da Kaduna bayan hawansu mulki a 1979. Mutanen da suka taso da wannan labari ba za su je ofis su biya da daɗin rai ba sai sun ga abin da kuɗinsu ya yi. A layinmu akwai waɗanda har yanzu ba su je ba, kuma in ka tambaye su, lambatu suke nuna maka.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar kwangila. A bangon nan da aka manna farashi akwai sauran wuri. Kowane ƙarshen wata a manna takarda guda: shaguna sun biya kaza, kara kaza, tasha kaza, an kashe kaza wajen kwashe shara, kaza wajen gyaran famfo. Kansilan mazaɓarmu ya sa hannu, ma'aji ya sa hannu. In kuɗin ba su da yawa kamar yadda jami'in ya faɗa, mu gani da idonmu, wataƙila ma mu ƙara daga aljihunmu a yashe lambatun kafin ruwa ya sauka.

Ga 'yan'uwana masu shago da ba su je ba tukuna, ni dai shawarata ku je ku biya a ofis, kada ku ba kowa kuɗi a ƙofar shago ko da ya zo da riga mai tambari. Ku guji ranar kasuwa, ku je da safe kafin sabis ya fara wahala. Ku tafi da lambar shagonku, ku tabbata sunan da ke kwamfuta naku ne, musamman waɗanda suka gaji shago ko suka saya daga hannun wani. Ku karanta sunan asusun da ke cikin saƙon banki kafin ku bar tagar. Rasit ɗin kuma irin takardar POS ce da rubutunta ke gogewa in ta sha zafi, nawa har ya fara dusashewa a cikin durowa, don haka ku ɗauki hotonsa a waya ku kuma yi masa fotokwafi tun a ranar.