Kafin ka saya wa kunkuru fitila

Hunturun bara na shigo da ɗan kunkuruna ɗaki, don a ƙauyenmu na gefen Ringim sanyin asuba yakan sauka ƙasa da digiri 15 a Disamba da Janairu. Na sayo masa ƙwan lantarki a birni, irin murɗaɗɗen nan, kwalinsa an rubuta UVB, wato wani nau'in haske da ke cikin rana wanda idon mutum ba ya gani, na rataya a gefen akwatinsa dab da shi. Ba a yi mako ba idanunsa suka kumbura suka rufe. Sai goga fuska yake da ƙafar gaba, hawaye na zuba, ga yakuwa a gabansa ko kallonta bai yi ba.

Da na kai shi wurin likitan dabbobi, tambayarsa ta farko ita ce: "Malam, a ina ka rataya fitilar?" Na ce, "A gefensa, Likita." Ya ce in je in kashe ta, in sa shi wuri mai duhu-duhu, in riƙa wanke idon da ruwan gishiri na asibiti, kada kuma in ɗiga masa maganin idon mutane. Cikin 'yan kwanaki ya buɗe.

Kunkuru na buƙatar hasken UVB don jikinsa ya haɗa bitamin D3, wanda da shi kalsiyam ke shiga ƙashi da ƙoƙon baya. In ya rasa, ƙoƙon ya yi laushi. In hasken ya yi ƙarfi ko ya yi kusa, fatar ido ta ƙone, kamar idon wanda ya kalli wutar walda.

Murɗaɗɗen ƙwai shi ne mai araha, kuma yana shiga mazaunin ƙwai na gida. Matsalarsa, yana tattara haske a ɗan wuri guda: kusa ya yi ƙarfin gaske, nesa kaɗan ya zama babu. Ni dai ba zan ƙara sayensa ba.

Dogon ƙwai irin T5 ko T8 ya fi tsada, sai kuma an haɗa da mazauninsa, amma yana baza haske daidai a faɗin akwati. Kamfanoni kamar Arcadia da Zoo Med suna yin sa. A rataya shi sama da kan dabbar, ba a gefe ba, da tazarar da aka rubuta a kwali. A bar masa lungu mai inuwa. Ƙarfin UVB yana raguwa ko da ƙwan na haske, don haka ana sauya shi bayan wata 6 zuwa 12. Kayan da aka yi wa Amurka na wuta mai ƙarfin volt 120 ne, tamu kuwa 230, sai a duba kafin a biya kuɗi.

Akwai ƙwai mai haɗa zafi da UVB wuri guda, na babban wuri ne, kuma yana shan wuta fiye da abin da ƙaramar sola za ta ɗauka. Ƙwan LED na gida ba ya ba da UVB. Shi kuwa ƙwan kashe ƙwayoyin cuta mai alamar UVC, ko kyauta aka ba ka kada ka kusantar da shi, yana ƙona idon dabba da na mutum.

Wanda ya fi su duka yana tsakar gida, wato hasken rana. Kunkurun da muke kiwo ɗan Sahel ne, da rana ya saba, in ta yi zafi ya shige rami. Yanzu na kewaye masa wuri da zana, rabi hantsi rabi inuwar darbejiya. Rana ta bayan gilashin taga ba ta wadatarwa, gilashi yana tare UVB. Da dare in sanyi ya tsananta, ɗumi kawai yake so, sai in shigo da shi cikin kwali mai busasshiyar ciyawa, in fito da shi da hantsi.

In an kashe fitila kwana uku ido bai sauka ba, ko ana ganin majina a hanci, a koma wurin likita. Ƙurar hunturu da ƙarancin bitamin A su ma suna kumbura ido, shi ya sa nake yanka masa ɗan kabewa ko karas cikin ciyawarsa lokaci-lokaci.