Haɗin ƙusa ko haɗin rami: da wanne mai koyon kujera zai fara?

Ɗan'uwanmu da ya rubuto daga Yelwa ta Bauchi ya ce ya fara zama a shagon wani kafinta bayan la'asar, yana kuma son ya haɗa kujerar katako ta farko da hannunsa. Ya ga maigidansa ƙusa da gam kawai yake amfani da su, alhali wani dattijo ya gaya masa cewa kujerar da ba a huda wa rami ba, kwananta kaɗan ne. Tambayarsa ita ce wanne zai bi. Ɗan'uwa, maigidanka da dattijon nan kowa yana da gaskiyarsa, sai dai ba a kan kujera iri ɗaya suke magana ba.

Haɗin ƙusa shi ne ka yanke katako daidai awo, ka shafa gam, ka jingina kan wani da gefen wani, ka buga. Kayan aikinsa ba su wuce zarto da guduma da tef da sikwaya (abin duba daidaiton kusurwa) ba, kuma mai koyo zai iya gama ɗan benci ko kujera marar majingina a yini guda. Amfaninsa ga sabon hannu shi ne yana koya masa awo da yanka a miƙe, domin idan ƙafa ɗaya ta gaza sauran ko da kaurin ƙwandala ne, kujerar za ta tona asirinsa da zarar an ajiye ta a kan siminti. Rauninsa kuwa yana cikin halin katakon ne. Katako yana da jijiya da take bin tsawonsa, kuma ƙusar da ta shiga ta kan sanda tana bin wannan jijiya ne, don haka riƙonta ba ya kai na wadda ta ratsa ta gefe. Gam ma haka, kan katako yana shanye shi kamar yadda busasshiyar ƙasa take shanye ruwa.

Haɗin rami, wanda kafintoci suke kira motis, shi ne a huda rami mai kusurwa huɗu a jikin ƙafar kujera, sannan a fere kan sandar da za ta haɗu da ita ya zama harshe, a tura shi ciki. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kaurin harshen ya zama kashi ɗaya cikin uku na kaurin sandar. Ya kamata ya shiga da ƙarfin hannu ko da ɗan bugu kaɗan. Idan sai an yi ta dukansa da guduma, ƙafar za ta tsage, idan kuma ya faɗa da kansa, gam ba zai cike gibin ba. Wannan haɗi tsoho ne ƙwarai, domin akwai shi a kujerun da aka tarar a kabarin Fir'auna Tutankhamun a Masar a 1922. Yana cin lokaci, yana bukatar cizal mai kaifi, wato ƙarfen da ake sassaƙa ramin da shi, kuma ramuka uku ko huɗu na farko da wuya su fita daidai, saboda haka a ɓaraguzan katako ake fara gwadawa.

Inda bambancin yake fitowa fili shi ne mahaɗar ƙafar baya da sandar gefe. Ka lura da mutumin da ya ƙoshi da tuwo ya kishingiɗa, ya ɗaga ƙafafun gaba na kujera yana lilo a kan na baya. Duk nauyinsa yana murɗa wannan mahaɗa ne, yau da gobe ƙusa tana faɗaɗa raminta har kujera ta fara kuka, daga nan sai girgiɗi. Harshen da yake cikin rami yana da kafaɗu da suke tokare jikin ƙafar, ga faɗin jikin da gam zai kama, shi ya sa yake jure wannan murɗa shekara da shekaru. Benci ba shi da majingina, ba a lilo a kansa, don haka ƙusa takan wadatar masa.

Yanayin Bauchi ma yana da ta cewa. Katakon da ka saya ɗanye da damina a kasuwar katako ta Muda Lawal zai tsuke ta faɗinsa idan hunturu ya shigo, tsawonsa kuwa kusan bai canzawa. A nan haɗin rami ba ya yafe ganganci, domin harshen da aka fere daga ɗanyen katako zai rame a cikin raminsa. Ka jera katakon a inuwa, da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ya bushe kafin ka taɓa shi. Malaina tana da sauƙin yanka da fira, ta dace da mai koyo; maɗaci ya fi ta ƙarfi da nauyi, kuma yakan tsage idan an buga masa ƙusa kusa da baki ba tare da an fara huda mata hanya ba.

Awon kujerar bai canzawa ko da wane haɗi ka zaɓa: tsayin mazauni daga ƙasa wajen inci 18, faɗinsa da zurfinsa inci 16 zuwa 17, majingina kuma ta ɗan karkata baya kaɗan.

Shawarata ita ce ka yi kujera biyu marasa majingina da ƙusa a gaban maigidanka, har hannunka ya saba da yanka a miƙe. Ta uku ta zama mai majingina, ka yi haɗin rami aƙalla a ƙafafun baya, ka sa 'yan guntayen katako masu kusurwa uku a lungunan ƙarƙashin mazauni. Kafin gam ya kama, ka auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu. Idan awon ya zo ɗaya, ka ɗaure ta da igiya tamau, kada kowa ya zauna a kanta sai ta kwana ta yini.