Yadda na canza wa motata kuloci a Birmingham

Yaya, ina gaisuwa, da fatan Hajiya da yara suna lafiya. Ka tambaye ni a waya ko da gaske ne ni da hannuna na canza kuloci, na ce sai na zauna na rubuto maka. Kai ka fi kowa sanin zafin abin, tunda Golf ɗinka a hanyar Kano zuwa Katsina take cin abincinta.

Motar Ford Fiesta ce ƙirar 2011, mai giyar hannu, ta haura mil dubu 110. Tun watan Satumba na fara ganin alama. In na taka totur a hawa sai inji ya ɗauki kuka, allura ta tashi, mota kuwa tana jan jiki. Daga baya ƙauri ya fara shigowa ciki.

A nan ba a kutsa kai gareji a ce "Malam, duba min." Waya za ka yi a ba ka rana, ni kwana 9 aka ba ni. Da aka rubuto min lissafi, kaya fam 130 ne, aiki awa 5 a kan fam 70 kowace awa, sannan harajin kashi 20 cikin ɗari a kan duka, jimilla fam 576. Ni kuwa a sito nake aiki, a kan mafi ƙarancin albashin da doka ta yanka, wato fam 12.21 a awa a lokacin, bisa ƙa'idar Afrilun 2025. Ka ga awa ɗaya ta bakanike ta kusa cinye min awa 6 a tsaye. Ban ga laifinsu ba, suna biyan hayar wuri da inshora da wuta. Amma a ranar na gane cewa a ƙasar nan hannun mutum ya fi ƙarfe tsada.

Sayen kaya kam, Yaya, gaskiya sun huta. Lambar mota kawai na faɗa a kanti, yaron ya danna kwamfuta, ta fito da girman injin da irin kulocin da ya dace da shi. Kwali ɗaya ne na kamfanin LuK, a ciki akwai faranti da murfinsa mai matsewa da boris ɗin da ke tura shi, fam 115, da rasit da garanti. Ba wanda ya tambaye ni sabo nake so ko Beljiyam, ban kuma tsaya ina jujjuya kwali ina tunanin ko jabu aka cusa a ciki ba. Wannan kwanciyar hankali ita nake yi mana fata a gida. Sai dai akwai abin da ba su da shi. A Ƙofar Ruwa mutum zai karɓi tsohon farantinka, ya dubi haƙoransa, ya faɗa maka motar da aka ciro shi ba tare da ya taɓa wata na'ura ba. Mai buga wa faranti sabon laini da ribiti ma ban ga ko ɗaya ba a unguwarmu, domin kuɗin aikinsa zai kamo kuɗin sabo.

Gidan da nake haya ba shi da fili, don haka wani maƙwabcina ɗan Sudan ya ara min gaban gidansa, ya kuma tsaya tare da ni. Ranar Asabar bayan asuba muka fara. Muka cire batir da akwatinsa, muka ɗaga gaban mota, muka sauke tayoyi, muka tsiyaye man giya, muka zare shaf biyu, muka kwance sitata da wayoyin giya, muka tallafe injin ta ƙasa da jak da katako. Inda muka sha wuya shi ne tsatsa. Lokacin sanyi gishiri suke watsawa a titi don kada ƙanƙara ta daskare, gishirin kuma ƙarƙashin mota yake ci. Noti ɗaya ya riƙe mu sama da awa guda, muna fesa mai muna jira. A Kano ƙura ce damuwarku, ka goge ka sa sufana ya juya.

Giyar kanta ta fi rabin buhun siminti nauyi, ga shi kana kwance a kan kwali, ga yayyafin da ba ya yankewa. Da ta sauka muka ga tsohon farantin ya cinye har ribiti sun fito fili, Allah Ya taimaka ba su kai ga yagar filawil ba, wato faifan ƙarfen inji da farantin yake mannewa a jikinsa. Mayarwa ta fi saukewa wuya. Dole faranti ya zauna daidai a tsakiya, in ya goce ko kaɗan shaf ɗin giya ba zai shiga ba, shi ya sa ake sa wata 'yar sanda ta daidaita shi kafin a ɗaure murfi. Notinan murfin kuma kaɗan-kaɗan ake bi da su, wannan sannan na daura da shi, da sufana mai awo wadda take yin ƙas in ƙarfin ya kai yadda kamfani ya rubuta. Da yake boris ɗin Fiesta da man birki yake aiki, sai da muka fitar da iska daga layin, maƙwabcina yana taka feda ina buɗewa ina rufewa.

Sai magaribar Lahadi muka tayar da mota. Kwana biyu cur, aikin da yaran bakanikenka za su gama kafin la'asar. Ina kwance a ƙarƙashinta su nake ta tunawa, da abin da ake miƙa musu bayan sun gama, raina bai yi min daɗi ba. Tsohon man giyar ma ban isa in zubar a kwata ba, laifi ne a doka. A jarka na zuba na kai wurin da ƙaramar hukuma ta ware.

Yanzu ga roƙona. Kafin in taɓa ko noti ɗaya sai da na sayi ƙafafun ƙarfe guda biyu da ake ɗora mota a kai, fam 25, kowacce an rubuta nauyin da take ɗauka a jikinta. Aikin jak ɗagawa ne kawai, robar cikinsa tana iya saki ba sallama. Mu kuwa mun saba ganin yaro ɗan shekara 15 a ƙarƙashin mota, ba abin da ya tokare ta sai jak da bulo. Na sayi wasu biyun da sufana mai awo, zan ba mai zuwa gida a watan Disamba ya kawo maka. Don Allah ka kai wa bakanikenka da kanka, ka tsaya ka ga an sa su ranar da za a shiga ƙarƙashin Golf. Ka kuma turo min lambar shasinta in tambayo farashin kulocinta a nan, mu gani ko da kuɗin aikowa zai yi mana sauƙi. A gaida Hajiya, a ce ta ci gaba da sa mu a addu'a.