Maktabar Unguwarmu a Makka, Inda Na Sake Samun Littattafan da Suka Rene Ni

Shekara 19 ke nan ina zaune a Makka, kuma a tsawon wannan zama na sha shiga manyan shagunan littattafai na Aziziyya da na Jidda, masu hawa biyu da fitilu da kwamfutar neman littafi, amma babu ɗaya daga cikinsu da ya biya mini buƙatar da wani ɗan ƙaramin shago na cikin lungunan Shari'u Mansur ya biya mini. Na ga ya kamata in rubuta abin da na gani a wannan shago, da alherinsa da naƙasunsa, domin 'yan'uwa mazauna da alhazai masu zuwa su san abin da za su tarar idan sun nufe shi.

Dalilin zuwana na farko shi ne wata tambaya da 'yata ta yi mini. Mahaifiyata ta zo Umra daga Zariya ta sauka a wurinmu, sai yarinyar, wadda a lokacin shekararta 12, ta lura cewa kakarta takan daɗe a tsaye a raka'a ta biyu ta sallar asuba bayan ta gama sura, leɓunanta na motsi, kafin ta yi ruku'u. Ta same ni a gefe ta ce, "Baba, ko Hajiya mantuwa take yi?" Na bayyana mata cewa ƙunuti ne, kuma haka muka koya a mazhabar Malikiyya, alhali fiƙihun da ake koya musu a makaranta a nan ya ginu ne a kan mazhabar Hambaliyya. Ta karɓi bayanin, amma na ga alamar tana son ta ga abin a rubuce, kamar yadda ta saba ganin komai a littafin makaranta. A nan ne na gane cewa babu Ahalari ko ɗaya a gidana, littafin da na fara biyawa a zauren malaminmu tun ban kai shekarunta ba. Na zaga manyan shaguna uku, na tarar da manyan littattafan Malikiyya masu mujalladai da yawa, amma ban sami wannan ɗan ƙaramin matani ba, sai wani tela maƙwabcinmu ya kwatanta mini shagon da nake magana a kai.

Shagon matsattse ne ƙwarai, mutum biyu ba sa iya gittawa a cikinsa sai ɗaya ya karkata, kuma kantoci sun kai har rufi. Mai shi dattijo ne haifaffen Makka, wanda ya gaya mini cewa mahaifinsa a ƙasa ya tako daga ƙasar Katsina, ya bi ta Chadi da Sudan yana aiki yana tara guzuri, har ya haye Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda, kamar yadda alhazan da suka saba yi kafin zuwan jirgin sama. Hausarsa tsohuwa ce mai daɗin ji, gauraye da Larabcin Hijaz. Da na ambaci abin da nake nema, bai miƙa hannu kanta nan take ba, sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, wa za a biya wa?" Na ce, "Baba, 'yata ce, a nan aka haife ta." Sai ya ture bugu biyu gefe, ya zaro na uku mai manyan baƙaƙe da cikakken wasali, ya ce wannan ne zai dace da yarinyar da ta saba da rubutun makarantun nan, domin rubutun hannu irin na Kano, wanda mu muka tashi da shi, zai sa ta tuntuɓe a kan fa'un da ƙafun. Gaskiya ya faɗa, domin a rubutunmu na gida ɗigon fa'un a ƙasa yake, ƙafun kuma ɗigo ɗaya gare shi a sama, saɓanin abin da yaran nan suka sani. Wannan tambaya tasa ita ce babbar hajar shagon, kuma ban taɓa jin an yi mini irinta a wani shago ba.

Kantar da ke hannun dama ita ce zuciyar wurin. An jera littattafan bisa tsarin da ake bin su a makarantun zaure na ƙasar Hausa: Ahalari, sai Ishmawi, sai Iziyya, sai Risala, sai Askari, har zuwa Muhtasar. Duk wanda ya yi karatun zaure zai tsaya a gaban wannan kanta ya ga tarihin rayuwarsa a jere. Ahalari, wanda Shehu Abdurrahman al-Akhdari na ƙasar Aljeriya ya wallafa a ƙarni na 10 na Hijira, bai wuce 'yan shafuka ba, kuma bai tsallake tsarki da salla da hukuncin rafkanuwa ba, amma ban san wani littafi bayan Alƙur'ani da ya shiga rayuwar Bahaushe ta yau da kullum kamarsa ba. Mahaifiyata ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta san inda ake ƙabli da inda ake ba'adi, ta san abin da ke warware alwala da abin da ba ya warwarewa, kuma duk daga wannan ɗan littafi ne da aka biya mata a ɗakin mijinta fiye da shekara 50 da suka wuce. Sau biyar a kowace rana tana aiki da shi. Idan ana batun littattafan da suka yi tasiri mai ɗorewa, mutane sukan tuna da manyan mujalladai masu bangon zinariya, ni kuwa wannan mai bangon takarda nake fara tunawa.

Risala ma tana nan bugu-bugu, da matani zalla da wadda ke haɗe da sharhin Samaruddani. Ibn Abi Zaid na birnin Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya rubuta ta ne domin a koyar da yara, ga shi kuwa sama da shekara 1000 malamai masu furfura ba su daina komawa gare ta ba. Ni a cikinta na fara fahimtar cewa addini ya shafi ciniki da bashi da gado da haƙƙin maƙwabci, kuma har yau idan wata mu'amala ta shige mini duhu a wurin aiki, babobinta nake fara tunawa. A saman kantar akwai Muwaɗɗa, kuma abin yakan taɓa zuciyata in na tuna cewa mai littafin, Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179, yana kwance a Baƙi'a, tafiyar 'yan sa'o'i daga inda nake tsaye. Akwai Arba'una Hadisi da Riyadus Salihina na Imamu Nawawi, da Jalalaini, da Ashafa ta Alƙali Iyal wadda ake karantawa a masallatanmu na gida cikin watan azumi. Dattijon yana kuma ajiye matanonin Hambaliyya da yaran makaranta ke buƙata, kuma ban taɓa jin ya kushe wani littafi domin ya sayar da wani ba.

Akwai wata 'yar kanta ta malaman Sakkwato, wadda ko da ba ta da yawa tana da daraja. Na sami Ihya'us Sunna na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da tafsirin Liya'ut Tawili na Malam Abdullahi na Gwandu, wanda ya rasu a 1829. Na ga wani matashi haifaffen nan, wanda bai taɓa taka Nijeriya ba, yana juya shafukan Infaƙul Maisuri yana mamakin cewa kakanninsa sun rubuta tarihinsu da Larabci mai wannan ƙarfi tun shekara 200 da suka wuce. Ya saya, kuma na tabbata ya fita da wani abin da zai riƙa ɗaga kansa da shi a cikin abokansa.

Wani abu da ya ƙara mini amincewa da mai shagon ya faru ne a kan tarjamar ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wadda Maɗaba'ar Sarki Fahad ta Madina, da aka buɗe a 1984, take bugawa. Wani alhaji ya ga kwafi ɗaya a bayan dattijon ya tambayi kuɗinsa. Dattijon ya buɗe masa bangon ya nuna masa rubutun da ke cewa waƙafi ne, ba na sayarwa ba, ya sa masa a leda ya ce ya tafi da shi, ya dai sa iyayensa a addu'a. Alhajin ya matsa sai ya ba da wani abu, shi kuwa ya ƙi karɓar ko riyal ɗaya.

Inda shagon ya gaza, kuma gazawar ta yi mini ciwo, shi ne ɓangaren littattafan Hausa na boko. Kwali ɗaya ne kacal a ƙarƙashin kanta, ƙura ta lulluɓe shi. Na durƙusa na tona, na sami Magana Jari Ce na ɗaya da na uku, babu na biyu, sai Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Waɗannan su ne littattafan da suka koya mini son karatu don daɗinsa. Alhaji Abubakar Imam ya fitar da Magana Jari Ce cikin littafi uku a ƙarshen shekarun 1930, kuma har zamaninmu yayana yakan karanta mana shi da daddare a gindin fitilar ƙwai, mu yi tsit muna sauraron labaran aku har barci ya ɗauke mu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa sai da na yi shekaru a baƙunta sannan na fahimci nauyinsa, domin labarin uwar da ta ratsa hamada tana neman ɗanta ya fi shiga jikin wanda ya bar uwa a gida. Abin takaici, kwafin da ke shagon duk fotokwafi ne da aka ɗinke aka yi musu bango, wasu shafukan sun yi baƙi, wasu layin ƙarshe ya yanke, zane-zanen kuma sun koma dabbare-dabbare, ga shi kuɗinsu ya ninka na Risala mai kyakkyawan bugu. Ya kamata a gaya wa mai saye tun farko cewa ba asalin bugu ba ne.

Da na yi masa ƙorafi, dattijon ya ce ba a tambayarsu, shi ya sa ba ya wahalar sa a kawo masu kyau. Na yarda da uzurinsa rabi. Gaskiya ne yaranmu na nan suna jin Hausa suna kuma yin ta a gida, amma da yawansu ba su iya karanta ta da baƙaƙen boko ba, domin idonsu da Larabci ya buɗe. Sai dai wannan dalilin ne ma ya sa nake ganin ya bar wata ƙofa a rufe, wato ajami. Yaron da ke karanta Larabci tun yana shekara 6 zai kama ajami cikin 'yan kwanaki. Da zai kawo waƙoƙin wa'azi na ajami, irin Imfiraji na Malam Aliyu Namangi, da iyaye sun sami abin da za su zaunar da 'ya'yansu a kai, harshen ya sami gindin zama a rubuce. Na ba shi wannan shawara, ya ce zai yi magana da masu zuwa daga Kano, amma har zuwana na ƙarshe ban ga komai ba.

Akwai wasu ƙananan matsaloli da ya kamata mai zuwa ya sani. Ba a rubuta farashi a jikin littattafai, sai an tambaya, kuma na lura yakan ɗan hau a lokacin aikin Hajji da goman ƙarshe na azumi. Na'urar sanyaya ɗakin ta tsufa, zafin Makka kuma ba ya barin gam, don haka littattafan kantocin sama da yawa bangonsu ya fara saki. Na taɓa sayen Samaruddani, sai da na kai babin zakka na tarar an tsallake shafi 16 an maimaita waɗanda suka gabace su. Da na mayar, ba a yi mini musu ba, amma an ce ba a mayar da kuɗi sai dai canji, kuma na jira kusan wata biyu kafin wani kwafin ya iso. Tun daga ranar nakan tsaya in bi lambobin shafi kafin in biya, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka. Ana karɓar kuɗi hannu da kati, ana rufewa a lokutan salla, kuma mafi dacewar lokacin zuwa shi ne bayan la'asar, sa'ad da dattijon ke zaune da kansa, domin yaron da ke tsare masa da safe bai san kan littattafan ba.

Wanda ke neman sababbin wallafe-wallafe ko littattafan jami'a, Aziziyya ta fi masa. Wanda kuwa ke neman matanin da ya biya a zaure, ko yake son ya ɗora ɗansa a kan turbar da aka ɗora shi, ban san wani wuri a Makka da zan tura shi ba sai nan, kuma zan tura shi da zuciya ɗaya duk da abubuwan da na lissafa.

'Yata ta sami maganar ƙunutin a cikin mustahabban salla, ta sa yatsa a kan layin ta kai wa kakarta. Hajiya ba ta iya bin baƙin ba, amma da yarinyar ta fara karantawa sai ta karɓe ta ci gaba da ka, tana fassarawa da irin Hausar zaure, kalma bayan kalma. Kafin ta koma Zariya sun kai babin taimama tare, sauran kuma ni na ƙarasa wa 'yata bayan sallar magariba. A makon jiya muka koma shagon ni da ita, ta gaishe da dattijon ta ce, "Kaka, na sauke Ahalari." Ya sa mata albarka, ya miƙe da kansa ya zaro mata Ishmawi mai wasali, ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya a gabanmu kafin ya sa a leda.