Wata huɗu ina buga gem a talabijin mai inci 55

Shekara shida na yi ina buga ƙwallo a wata 'yar talabijin mai inci 32 da na saya tun ina gwauro. Bayan ƙaramar Sallah na yi ta maza na ɗauko mai inci 55, irin ta 4K ɗin nan mai fitar da hoto garau, aka kafa min ita a bangon falo, na jona mata na'urar buga gem ta PS5.

A daren farko ni da ƙanina muka sa gem ɗin ƙwallo na FC, wanda har yau FIFA muke ce masa duk da tun 2023 aka sauya masa suna. Fili ya buɗe tangaran. A tsohuwar, ɗan wasan da ke gudu can gefen layi kamar tururuwa yake. A wannan kuwa kana ganin lambar rigarsa, kana ganin ɗan bayan da ya bar gurbinsa tun kafin ka yanke shawarar inda za ka tura ƙwallo. Sai dai murna ta koma ciki. In danna, ɗan wasa ya yi kamar bai ji ba, sai an ƙwace ƙwallo sannan ya ɗaga ƙafa. Ƙanina ya ce, "Yaya, hannun gem ɗin nan naka ya mutu." Muka yi musaya, shi ma nasa haka. Kwana uku ina ɗora laifi a kan abin da bai ji ba bai gani ba, har na fara lissafin kuɗin sabon hannu.

Wani yaro mai gidan gem a layinmu ne ya fitar da ni kunya. Ya karɓi rimot, ya shiga saitin hoto, ya kunna abin da aka rubuta wa Game Mode, ya miƙo min hannun gem ya ce in gwada. Wallahi kamar an sauya talabijin ɗin. Ashe waɗannan manyan sai sun tsaya yi wa hoto kwalliya kafin su nuna shi: su gyara launi, su goge dishi-dishi, har su ƙirƙiri wasu hotuna su cusa a tsakani don motsi ya yi santsi. Wannan aikin kan ci kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Mai kallon fim ba ruwansa, amma mai bugun fenariti ya san bambancin. Idan ka kunna Game Mode sai ta ajiye kwalliyar, launi ya ɗan dusashe, jinkirin ya ɓace. Ni dai na yarda da wannan cinikin.

Inda na yi sake shi ne wajen saye. PS5 na iya fitar da hoto 120 a daƙiƙa a wasu wasannin, amma idan kana son haka a 4K sai talabijin mai ramin jona waya na HDMI 2.1 wadda allonta ke ɗaukar 120Hz, wato yana iya sauya hoto sau 120 a daƙiƙa. Tawa 60Hz ce. A jikin kwalin akwai wata ƙatuwar lamba da ke maganar santsin motsi, na tambayi mai shago ya ce, "Duk abu ɗaya ne, Alhaji." Ba ɗaya ba ne. Sa'ata ita ce ƙwallo na fi bugawa, ita kuwa a 60 take tafiya. Mai son wasan harbi irin Call of Duty ya buɗe ido da kyau kafin ya zaro kuɗi.

Na gwada jona kwamfutata ta hannu da wayar HDMI. Ɗigon hoton 4K, wato 3840 sau 2160, ya ninka na 1080p sau huɗu, don haka nan take fankar kwamfutar ta hau kuka kamar injin markaɗe, wasan yana tafiya yana tsayawa. Da na sauke zuwa 1080p ta samu numfashi, kuma daga kan kujera da ƙyar za ka gane an rage wani abu.

Zama ma sai da na koyo. Na saba zama a kan kafet dab da allo, sai ga shi wuya na ta kai-komo daga wannan kusurwa zuwa waccan, ƙaramar taswirar da ke ƙasa ma ba na ganinta, bayan awa ɗaya kai ya ɗau ciwo. Na ja da baya kamar mita biyu da ɗoriya, komai ya zauna daidai. Sautin talabijin ɗin kuwa ba yabo: jiki ƙato, murya siririya. Da la'asar kuma hasken taga na kwanciya a kan gilashin, dole sai an saki labule.

Wuta ita ce babbar magana. PS5 kaɗai tana jan wajen watt 200 idan wasa ya yi zafi, ga talabijin a kai, batirin inbata da ke kai mu tsakar dare yanzu tun wajen goma yake fara ƙara. Sau biyu aka ɗauke wuta ina tsaka da wasa, da ta dawo na'urar ta tsaya duba ma'ajiyarta tana gargaɗina ban kashe ta yadda ya kamata ba. Washegari na sayo ƙaramar UPS, wato na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke.

Da za a dawo min da kuɗina, babba zan sake saya, amma mai 120Hz, ko da inci 50 ce. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne talabijin ɗin falo ba tawa ba ce ni kaɗai. Ƙarfe takwas na yi uwargida ta miƙo hannu, "Abban yara, rimot." Don haka na kakkaɓe ƙurar tsohuwar mai inci 32 na mayar da ita ɗaki, kuma a kanta na buga wasan jiya.