Yaya, na ga asalin gem ɗinmu a Akihabara

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaida Inna da mai ɗakinka da yara.

Ka tuna gem ɗin nan mai kaset rawaya da muke haɗawa da talabijin ɗin Baba in an kawo wuta? Ashe jabu ne muka taso da shi. Ranar hutu na shiga Akihabara, unguwar kayan lantarki a Tokyo, na riƙe na ainihin da hannuna: Famicom, fari da ja, wanda Nintendo ya fitar a 1983 a kan yen 14,800. Kamfanin ma da karta ya fara, a birnin Kyoto, tun 1889.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda suke sayar da tsohon kaya. An goge kowane kaset, an naɗe shi a leda, an manna farashi. In an gwada na'ura tana aiki, a rubuce yake a jikinta. Wadda ba a gwada ba kuwa tana cikin kwando daban da arha, an gaya maka kai ka ɗauki kasada. Babu ciniki, babu rantsuwa. Sai na tuna rimot ɗin da muka saya a kasuwa da kuɗin sallarmu, mai shago ya rantse sabo ne, bai kwana biyu ba ya mutu. Sai dai a gyara mutanenmu sun fi sauƙin kai: can yaro zai buɗe na'ura ya yi mata liƙi nan take, nan kuwa kuɗin gyara kan fi kuɗin kayan.

A saman wani shago akwai tsofaffin injinan da ake jefa wa tsaba. Na saka yen 100 na buga Space Invaders, wanda Tomohiro Nishikado ya ƙera wa kamfanin Taito a 1978. Amurka ce ta riga su da gem ɗin Pong a 1972, amma wannan ne ya mamaye shagunan shayin Japan. Dattijai masu furfura na gani a zaune suna bugawa, ba mai ce musu sun girma.

Na saya wa yaranka Famicom guda ɗaya da kaset uku. Don Allah kada a jona shi kai tsaye, wutar nan volt 100 ce, tamu ta haura 200, zai ƙone. Ka nemi taransifoma mai rage wuta kafin saƙon ya iso.